Turken Cediya a Gonar Aro

Tun da na san Maikano ban taɓa jin ya ce "gonata" ba. Iyakar gona ce ta haɗa mu, ni ina noma ta gado, shi yana noma ta aro, kuma tun gashinmu na baƙi muke gaisawa ta kan kunya ɗaya. In ka tare shi da sassafe ka ce ina zuwa, sai ya ce, "Gonar Malam." Malam ɗin nan shi ne Malam Bala, dattijon unguwarmu da ya ba shi aron wurin. Na sha tsokanar sa. Nakan ce, "Kai da guminka ya fi ruwan sama jiƙa ƙasar nan, ko a mafarki ba ka cewa taka ce?" Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa da ba ta nuna haƙori, ya ce, "Kamilu, zanen aro ba ya rufe katara."

Maikano yana cikin mutanen da ruwan dam ɗin Tiga ya tasa. Yana yaro aka kwaso su a mota aka sauke a bayan ƙauyenmu, ba nisa da Ƙafin Maiyaki. Har yau Sabuwar Unguwa muke ce wa wurin, ko da yake katangunsa sun tsufa sun fara zubewa. Gonar diyyar da aka ba mahaifinsa fako ce, da aka zo rabon gado kuwa abin da ya samu bai isa a ɗaure akuya ta ƙoshi ba. Sai ya faɗa sana'ar su, kamun kifi a dam. Ya taɓa ba ni labari cewa da rani, in ruwa ya ja baya, yakan bi da kwale-kwale ta kan tsohon garinsu, ya ga kawunan tsamiya da ɗorawar da ubansa ya rena, sun bushe, tsuntsayen ruwa na kashi a kai. Ya ce tun daga nan dashe ya fita ransa. Ƙofar gidansa ce kaɗai a Sabuwar Unguwa ba ta da inuwa, kuma ba don matarsa Furera ba ta yi mita ba.

Furera ce ta raba shi da kamun kifi. Ta ce ba za ta zauna kullum zuciyarta na rataye a bakin ruwa ba. Lokacin ne Malam Bala ya kira shi ya nuna masa filin da ke gangaren rafi, kusa da nawa, ya ce ya noma ya ci da iyalinsa.

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida, ba a rubuce take ba amma ko yaro ya san ta. Kowace kaka mai aro zai ɗauki damin dawa a kansa, da rana tsaka, ya bi ta tsakiyar gari ya kai ƙofar mai gona. Ba kuɗin haya ba ne, don idon jama'a ake yi. Ba ya haƙa rijiya. Babba a cikinsu kuma, ba ya dasa itace. Hatsi shekara ɗaya yake yi a girbe shi, amma itace zama yake yi, wata rana 'ya'yan wanda ya dasa za su tsaya gaban alƙali su ce, "In ba ta ubanmu ba ce, wa ya dasa wannan?" Maikano ya riƙe ƙa'idar nan kamar salla. Wata damina Furera ta kawo masa abinci, ta sha mangwaro ta yar da ƙwallon a bakin kunya, ya tsiro gwanin sha'awa. Ina kallo ya tuge shi ya jefa rafi. Na ce, "Ai ba kai ka dasa ba." Ya ce, "Wa zai tsaya ya tambayi ƙwallo?"

Haka ya zauna, da damina masara da dawa, da rani tumatir da ɗan injin ban-ruwa, har ya aurar da manyan 'ya'yansa, saura ƙanana.

Sai shekarar korona ta zo. Aka yi kulle, aka rufe kasuwar Ƙafin Maiyaki da ta Tudun Wada, motocin da ke kwasar kayan gwari suka ɗauke ƙafa. Tumatirin Maikano ya nuna jawur a lokacin da babu mai saye. Furera ta yanka ta shanya iya ƙarfinta, sauran ya narke a kwando, aka zubar. A tumatirin nan yake samun kuɗin takin damina, ga shi ya tafi. Ana wata ga wata: cikin azumin shekarar Allah ya yi wa Malam Bala rasuwa, gonar ta faɗo a rabon ɗansa Zayyad, mai shagon yadi a birni.

Ba zan yi wa Zayyad ƙarya ba, ba mugun yaro ba ne. Mahaifinsa ya bar wasiyya a bar wa Maikano gonar muddin yana kan ƙa'ida, kuma Zayyad ya ce ya ji ya karɓa. Amma shi ma kulle ya rufe masa shago, masu kuɗi na ta yi masa raɗa cewa wurin zai yi shinkafa in ya ba da shi haya. Ga kuma ƙanin mahaifinsa, Alhaji Umaru, wanda mai aro ya taɓa ƙwace wa gona a Doguwa ta hanyar kotu, da shaidar bishiyoyin gwaba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kowace magana Alhaji Umaru zai yi da Zayyad, sai ta ƙare a kan gwabar Doguwa.

Gab da faɗuwar damina aka ce gwamnati ta kawo tallafi ga manoman da kulle ya karya, kuɗin da zai sayi taki. Maikano bai je ƙofar mai unguwa ba sai da ya sa aka kira masa Zayyad a waya ya nemi izini. Ina wurin. Zayyad ya ce, "Baba, kai ka yi asara, kai ya kamata ka karɓa. Abu ɗaya kawai, kada a kafa komai da zai zauna." Maikano ya ce, "Na yi maka alkawari, ɗan Malam."

Wata malamar gona ce ta zo, Muhsina, yarinya mai ladabi, da takunkumi a fuska. Takan zagaye gona da waya a hannu, sannan a kafa turke a tsakiya, ta rubuta lamba da jan fenti. Turakun ƙarfen da ta taho da su sun ƙare tun a ƙauyen Ba'awa, sai mai unguwa ya sa aka sassaro rassan cediyar ƙofar gidansa aka fiƙe. Da ta zo kan Maikano ta ce, "Baba, kai ne mai gonar?" Ya ce, "Ni nake noma ta." Ta ce hakan ya isa. Ta sa ya dafa turken ta ɗauke shi hoto, ta kuma sa ya faɗa da bakinsa, kamar yadda kowa ya faɗa, cewa ba zai cire ba, ba zai matsar ba, sai masu tantancewa sun zo sun gani. Ta ce a wasu wuraren an riƙa yawo da turke ɗaya gona-gona, shi ya sa aka tsananta: wanda aka tarar babu turkensa a inda aka kafa, ba shi ba tallafi. Ta ce mako mai zuwa za su zo.

Dukkanmu manoma ne, mun san halin cediya, reshenta in ya ji danshi kamawa yake. Amma ƙasa a bushe take ƙamas, kuma an ce mako mai zuwa. Sai muka bar shi haka.

Makon gwamnati kuwa ba irin namu ba ne. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka yi noman farko, masu tantancewa shiru. Wata safiya na ɗago daga kunya na hangi Maikano a tsugune gaban turkensa kamar mai gaida surukai. Na ƙarasa. Idanu uku kore shar sun fito a jikin sandar, ƙasa da jan fentin.

Nawa turken ma ya tofo, amma ni ina ruwana, gonata ce, inuwa na samu. Shi kuwa nasa a gonar aro yake. Ya sa farce ya tsinke tohon. Kwana kaɗan wasu suka fito, sun fi na farko yawa. Ya sa wuƙa ya ɓare ɓawon gindin ya zagaye, don ta mutu a tsaye. Cediya ba ta mutuwa da wasa. Sai ta fitar da saiwoyi daga saman yankan, farare kamar zare, suka gangara suka kama ƙasa.

Na ce masa, "Kai ma dai da neman wahala kake. Zare shi, ka babbake gindin a wuta, ka mayar cikin raminsa. Wa ya gan ka?"

Ya ce, "Na ce wa yarinyar nan ba zan cire ba."

"To ka ce wa Zayyad ba za a kafa abin da zai zauna ba."

"Na faɗa."

"To wanne za ka riƙe?"

Ya shiga murza ganyen da ya tsinka. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na tsani in ga mutum ya ɗaure kansa da igiyar da babu mai riƙe da ɗaya bakin. Na faɗa masa haka, na ƙara da cewa gaskiyar da za ta kwana da yara da yunwa ni ban san sunanta ba. Ya ce, "Za su zo."

Ya hau acaɓa har Kiru, hedikwatar ƙaramar hukuma, ya tambaya, aka ce suna hanya. Ya koma, aka ce motarsu ce ta lalace. Masararsa kuwa ta kai gwiwa ta tsaya, ganyenta ya fara rawaya daga ƙasa, irin rawayar da kowane manomi ya san ma'anarta. Furera ta sayar da tunkiyarta suka sayi hatsin ci. Kullum da safe kafin ya taɓa fartanya sai ya je ya tsinke toho, kullum cediya tana ƙara ƙiba. Har ya kai in na hango shi ya nufi tsakiyar gonar nakan juya baya.

Magana ba ta kwana a ƙauye. A teburin mai shayi wani ya ce, "Ashe Maikano jira yake Malam ya kwanta dama. Ko arba'in ba a daɗe da yi ba ya dasa cediya." Cediya fa, wadda ake dasawa a ƙofar gida in an zo zama na har abada. Na tashi na zazzage wa mai maganar, amma na san ta riga ta hau mota ta tafi birni.

Ranar da aka ce masu tantancewa sun kwana a Ba'awa, gobe sai mu, Furera ta same ni a ƙofar gida. Ta ce, "Malam Kamilu, ka yi wa amininka magana. An ce Zayyad ma yana tafe gobe. Kome za a ce masa, kada ya taɓa turken nan sai an gani. Rumbu ya kai ƙasa. In masarar nan ba ta sami taki ba, ban san abin da zan zuba a tukunya ba." Na ce zan yi. Na kuma yi, ya saurare ni har ƙarshe, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da hantsi farar motarsu ta tsaya a bakin rafi, suka fara daga gonakin gabas suna tahowa. Ana hango su, mutum biyu da Muhsina da mai unguwa. Ba su kai rabi ba sai ga babur ta hanyar gari, Zayyad ne da Alhaji Umaru a baya. Da gangan suka zaɓi ranar, don an gaya musu za a sake ɗaukar hoto.

Aka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da ya aka ji da ruwa. Sannan Zayyad ya taka zuwa turken. Maikano ya tsinke tohon da asuba, amma me za a ɓoye? Sandar ta yi kauri, ɓawonta na sheƙi, ga wani ganye ƙarami da ya kuɓuce masa a can sama.

Zayyad ya ce, "Baba, wannan turke ne ko itace?"

Maikano ya ce, "Turke aka kafa, ɗan Malam."

Alhaji Umaru ya ce, "Ba a tambaye ka abin da aka kafa ba. Abin da ya yi ganye ya yi saiwa, sunansa itace. Ni na san ƙarshen irin wannan."

Na sa baki na ce mai unguwa ne ya saro, kowa ya shaida, a bari mutanen can su iso su gani, in ya so a tuge a gaban kowa. Zayyad ya juyo gare ni, kuma wallahi ba fushi na gani a idonsa ba, tsoro ne. Ya ce, "Baba Kamilu, isowarsu ita ce matsalar. Za su ɗauke shi hoto yana dafe da itace mai rai, da lambar gwamnati a jiki, da sunansa. Hoton nan ba ya mutuwa. Ni ba Baba Maikano nake tsoro ba. Bayan ba shi, ba ni, ba kai, wa zai gaya wa alƙali cewa turke ne?" Sai ya dubi Maikano ya sassauta murya. "Baba, in an ɗauki hoton nan, ka girbe abin da ka shuka, bayan kaka ka bar min gonar. In babu hoto, muna nan kan maganar Malam."

Masu tantancewa sun shigo gonata lokacin, kunya ɗaya ke nan tsakani. Ina jin mai unguwa yana ƙwala min kira in zo in dafa nawa turken, na ƙi motsi. Furera na tsaye a bakin kunya da ƙwaryar fura a kanta, ta kasa saukewa. Ta ce, "Maigida." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Maikano ya dubi masarar, ya bi ta da ido har ƙarshen kunya. Ya dubi farar motar. Sannan ya kama turken da hannu biyu ya ja.

Bai fito ba. Ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, cediya ko gezau. Sai ya ɗauki fartanya ya fara haƙa. Ban taɓa jin sara mai ciwo kamar wannan ba, kowane ɗaya a ƙirjina yake sauka. Na ce, "Maikano, ka dakata, ga su nan." Bai ɗago ba. Ya yanke saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, farin ruwanta na ɗiga a hannunsa, har ta saki.

Yana riƙe da ita suka iso. Babban cikinsu, wani mai tabarau, ya duba waya, ya duba ramin, ya ce, "Ina turken?"

Maikano ya miƙa masa da hannu biyu. "Ga shi, ranka ya daɗe."

"Ba a hannu muke son ganin sa ba, Baba. A ƙasa."

Muhsina ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta nuna lambar, ta nuna ramin da ƙasarsa ke ɗanye, ta ce yanzun nan aka cire. Ni ma na yi ta bayani har muryata ta dishe. Mutumin ya ce bai ƙi tamu ba, amma abin da wayar ke karɓa shi ne hoton turke a kafe da manomi a gefe. Ya ce, "Ka mayar da shi ramin, ka dafa, in ɗauka, shi ke nan. Ni ban ga komai ba."

Ramin na nan a buɗe gaban ƙafarsa. Zayyad ya sunkuyar da kai, Alhaji Umaru kuwa ya zuba masa ido.

Maikano ya ce, "Ba a dashe a gonar aro, ranka ya daɗe." Ya sa ƙafa ya tura ƙasa ya rufe ramin.

Suka wuce gona ta gaba. Zayyad ya zo ya durƙusa zai yi magana, Maikano ya ce masa, "Tashi, ɗan Malam, ba ka yi laifi ba." Sannan ya juya ga Muhsina, wadda ta ɗan tsaya a baya, ya ce, "'Yata, na karya miki alkawari. Ki yafe ni." Yarinyar ta ja takunkuminta sama ta bi abokan aikinta.

Ni kafin su tafi na je na dafa nawa turken aka ɗauka, aka kuma biya ni, da yawancinmu. Na kai masa rabin buhun taki da yamma, ya karɓa don ya san in ya ƙi za mu ɓata, amma rabin buhu a gonar nan kamar gishiri ne a rafi. Masarar ta yi 'yan goyo kamar yatsa. Sun sha wuya a shekarar, wuyar da ba na son in tuna. Injin ban-ruwansa ya tafi, ya koma bin masu kwale-kwale yana gyara musu komar kamun kifi a bakin dam, da furfurarsa. Duk da haka da kaka ya ɗaure damin dawa, daga cikin 'yar wadda ya samu, ya ɗora a ka ya ratsa tsakiyar gari da rana tsaka. Na ga masu shayin nan sun kau da kai.

Ita kuwa cediyar, a ranar Furera ta fizge ta daga hannunsa, ta kai gida, ta soka ta a ƙofar gidansu da ƙarfin fushi. Ta ce tunda a kanta ya zubar da abincin yara, sai ya riƙa ganin ta shiga da fita. Sai da aka yi girbi kafin ta sake yi masa magana mai daɗi. Na zaci zai tuge. Bai tuge ba, bai kuma ba ta ruwa ba, ita dai ta kama abinta.

Har yanzu yana noma gonar, har yanzu "gonar Malam" ce. Zayyad ya riƙe maganarsa, ko da yake bara na gan shi ya zo da wasu masu manyan riguna sun tsaya bakin rafi suna nune-nune, kuma tun ranar ba na barci sosai in na tuna.

Jiya na bi ta Sabuwar Unguwa na same shi a ƙofar gida. Cediyar ta wuce katanga, jan fentin na nan a jikinta, lambar ta buɗe ta karkace yadda ba mai iya karantawa. Wata akuya ta ɗage tana cin ɓawon. Sai na ga dattijon nan ya zabura da sanda, ya bi ta har lungu yana faɗa.

Na ce, "Kai da ba ka dashe, me ya yi zafi?"

Ya dawo yana haki, ya shafa inda akuyar ta ɓare, ya ce, "Kamilu, wannan ai tawa ce."